Takabar Wonder Woman

Goggo ba ta iya barci sai da labarin soyayya. A garinsu rediyo ke yi mata wannan hidima, akwai shirin da ake karanta littattafan Hausa da dare, ko ruwa ake da ƙanƙara ba ya wuce ta. Da ta zo gidanmu jinyar ƙafa sai ta tarar tashar ba ta kamawa a nan. Ni kuma na gama bautar ƙasa ina jiran aiki, sana'ata kwanciya da waya ina karanta littattafan zane na Amurka. Inna ta ce tunda idona kullum na kan waya, in riƙa ba Goggo labarin abin da nake karantawa, ko na yi wa gidan amfani.

Na zaɓi Wonder Woman. Akwai budurwa, akwai saurayi, kuma tun 1941 ake buga labarin, ba zai ƙare mana da wuri ba.

Farkon abin lafiya lau. Na ce mata akwai wani tsibiri da mata zalla ke zaune, babu namiji ko na magani. Sarauniyarsu Hippolyta ta matsu da son haihuwa, ta ƙera jaririya da yumɓu, allolin Girkawa suka sa mata rai. Goggo ta yi a'uziyya ta ce in tsallake wajen. Yarinya ta girma, sunanta Diana, ita ce Wonder Woman ɗin, ƙarfi ba a magana. Rannan jirgin wani sojan Amurka mai suna Steve Trevor ya faɗo tsibirin. Ta yi jinyarsa, ta rufe fuska ta shiga gasar da uwarta ta hana ta shiga, ta cinye, aka ba ta aikin mayar da shi gida.

"To, ya turo magabatansa?" in ji Goggo.

Na ce shekara da shekaru yana roƙonta aure, ita kuma tana cewa sai ta gama da miyagun duniya tukuna. Abin haushi ma, tana aiki kusa da shi a ofishin soja da sunan Diana Prince, tabarau kawai ta ƙara, bai taɓa gane ta ba. Wurinta yake zuwa yana ba ta labarin irin son da yake yi wa Wonder Woman. Goggo ta tafa hannu ta ce, "Namiji ke nan, ƙanin ajali." Daga ranar ta raɗa masa Situ, ita kuma Dayana.

Da muka zo 1968 Dayana ta ajiye ƙarfinta don ta zauna cikin mutane, ta buɗe shagon kayan sawa, wani tsoho makaho mai suna I Ching yana koya mata faɗa. Ba a jima ba mutanen wata muguwa, Doctor Cyber, suka kashe Situ. Na rantse Goggo sai da ta share ido da bakin mayafi. Ta tambaya ko yarinyar ta shiga takaba. Na ce ai ba a ɗaura aure ba. Ta ce shi ya sa ba a so a riƙa ja wa namiji rai, ga shi an yi biyu babu.

Washegari na ce a 1976 Aphrodite, wadda Girkawa ke dangantawa da soyayya, ta dawo da Situ duniya. Ya rina gashinsa baƙi, ya koma amsa sunan Steve Howard.

"Wane Situn? Wanda muka yi wa zaman makoki jiya?"

"Shi fa, Goggo."

"To, Allah mai iko."

Na ce amma a 1978 ya sake mutuwa. Wannan karon ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi. Na haɗiye yawu na ci gaba: a 1980 an kawo wani Situn daga wata duniya mai kama da tamu, kamanni ɗaya, suna ɗaya, sannan aka sa mutane suka manta cewa na farkon ya taɓa mutuwa. Goggo ta ajiye carbi ta ce, "Kai yaro, tsaya. Labarin ya ƙare maka ne kake ƙagowa? In ya ƙare ka faɗa, ba abin kunya ba ne."

Ni kuwa ko wasali ban ƙara ba. Littafin wata-wata yake fita, kuma ba mutum ɗaya ke rubuta shi ba. William Moulton Marston da ya ƙirƙiro ta ya rasu tun 1947, bayansa marubuta sun yi ta karɓa hannu da hannu, kamar tukunyar miyar gidan biki, kowace ta gifta sai ta ƙara nata gishirin. Wanda ya ga Situ ya tare masa hanya sai ya kashe shi, wanda ya gaje shi ya ga labari ba ya tafiya babu saurayi sai ya tono shi. A shekarun da aka fara tono shi ɗin ma ana nuna wasan talabijin na Wonder Woman wanda 'yar wasa Lynda Carter ta fito a ciki, Situ na ciki da ransa da lafiyarsa, to ina amfanin saurayi yana talabijin yana murmushi a littafi kuma yana kabari? Na yi wa Goggo duk wannan bayani. Ta ce marubutan da take ji a rediyo in suka kashe mutum ya mutu ke nan, suna da tsoron Allah.

Don in wanke kaina na yi sauri na kai ta 1986, fitowa ta 329, inda aka ɗaura auren Dayana da Situ, Zeus babban allan Girkawa ne ma ya ɗaura. Goggo ta rangaɗa guɗa da ƙafarta mai ciwo. Ta tambayi sadaki, na ce ba a ambata ba. Ta tambayi waliyyi, na ce yarinyar yumɓu ina ta ga dangin uba. Ta ce ba komai, tunda dai an rufa wa yarinya asiri.

Da na san ciwon kaina da a nan na ce ƙurunƙus. Amma Goggo ta ce sai ta ji tarewa da haihuwar fari. Dole na faɗa mata cewa amarci bai yi nisa ba kamfanin DC mai buga littafin ya share tarihin jarumansa da dama a wani babban labari, Dayana ta koma yumɓun da aka ƙera ta da shi. A 1987 George Pérez ya faro labarin daga tushe. A wannan zubin Situ dattijo ne, ya girme ta nesa ba kusa ba, babu ko kallon soyayya tsakaninsu. Daga baya ma Etta Candy ya aura, aminiyar Dayana tun zamanin farko, 'yar duma-duma mai son kayan zaƙi.

Ban taɓa sanin muryar Goggo ta kai haka ba.

"Aminiyarta? Wadda suke ci a kwano ɗaya? Mutum ya mutu mata sau biyu, ta jira shi, a ɗaura aure, sannan ya zagaya ya kwashi ƙawarta? Kai ma da kake faɗa da bakinka ba ka ji kunya ba? Wallahi ku maza duk halinku ɗaya!"

Daidai lokacin maƙwabciyarmu tana tsakar gida, ta shigo aron turmi. Ta ɗauki turmi, ta ɗauki abin da ya fi turmi nauyi.

Kafin Juma'a labari ya zaga unguwa ya dawo mini da sabbin kaya. Wai ina neman wata bazawara Baturiya mai suna Dayana a waya, maza biyu sun mutu a hannunta, Goggo ta yi rantsuwa ba da yawunta ba. Wai kuma ni da bakina na ce ba laifi ba ne mutum ya auri aminiyar matarsa. Ga shi an riga an kai kuɗin gaisuwata wani gida a bayan layinmu. Mutuniyar ta daina ɗaga waya. Na je zance, ƙanwarta ta fito ta ce wai ta ce ba ta nan.

Kawunta ne ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure kan buzu, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ya ce, "Wace ce Dayana?" Na ce Kawu ba mutum ba ce, bari ka gani. Na ciro waya na buɗe bangon littafin na miƙa masa, kuma sai da wayar ta bar hannuna na tuna irin suturar da baiwar Allah take yaƙi da ita. Kawu ya gyara tabarau, ya kai fuska kusa, ya yi maza ya kifa wayar a kan buzu.

"Subhanallahi! Ita ce wannan?"

"Zane ne, Kawu."

"Zane? Ni ban ga zane a jikinta ba."

Da ƙyar na fahimtar da shi cewa da alƙalami aka yi ta. Ya ɗan sauko, amma dattijo in ya fara bincike sai ya kai ƙarshe. Ya ce 'yar wace ce. Na ce ya danganta da shekara: da dai ba ta da uba, amma a 2011 an ce labarin yumɓun rufa-rufa ce, Zeus ne ya haife ta. Ya ce ba shi ne ka ce ya ɗaura aure ba? Na ce shi ne. Ya gyaɗa kai ya ce to ashe waliyyi ya inganta. Ya ce yanzu tana gidan wa. Na ce a 2012 an ga tana soyayya da Superman, amma a 2016 wani marubuci, Greg Rucka, ya mayar da ita wajen Situ, wanda ya koma saurayi tuntuni, ya kuma nuna cewa da yawa daga abin da take tunawa ƙarya aka shirya mata. Kawu ya ce, "Alhamdulillahi, ko su sun gaji sun amsa." Ya miƙo mini wayar a kife, ya ce in nemi aiki.

Ashe mutuniyar tana bayan ƙyaure tana ji. Ta yafe mini Baturiya, ta yafe mazan da suka mutu, ba ta ko tambayi Superman ba. Etta kaɗai ta riƙe. Tana da aminiya tun firamare, ita ke fitowa ta taya ni hira kafin ta gama kwalliya, ita ke kai saƙo ta kawo, kuma tsautsayi ya sa 'yar duma-duma ce mai sayar da cincin da alawar madara. Cikin mako aka sauke ta daga babbar ƙawa aka naɗa 'yar gwaggon amarya, ni kuma aka kafa mini doka: gaisuwa daga nesa, ban da tambayar ya kasuwa.

Shekaranjiya aminiyar ta tare ni a bakin masallaci, mutane na fitowa daga la'asar. Ta ce ita ba ta san wata Etta ba, ba ta kuma son sani, amma ta riga ta sayi anko har ta kai ɗinki, kuma ni zan biya, da kuɗin tela. Na ce ba ni da aiki. Ta ce ta sani, shi ya sa za ta karɓa kashi uku.