Gadar Madina ba za ta ceci yaran Nima ba

Duk wanda yake Madina ko Adenta, a gefen birnin Accra na ƙasar Ghana, a watan Nuwamban 2018 bai manta da ranar da hayaƙin taya ya turnuƙe babban titi ba. Wata tasi ce ta buge ɗalibar makarantar sakandare ta West Africa tana tsallaka hanya, ta rasu. Matasa suka tare titin suka cinna wuta, saboda gadoji shida na masu tafiya a ƙasa da aka soma ginawa an yi watsi da su shekara da shekaru, mutane kuwa sai mutuwa suke yi. Da gwamnati ta ji wuta sai ta dawo da 'yan kwangila, a 2019 aka fara hawa gadojin.

Sun ceci rayuka, ban musa ba. Damuwata ita ce tun daga lokacin, duk inda mota ta buge yaro, abin da ke fara fitowa daga bakin mutanenmu shi ne a gina gada.

Ka je Zongo Junction a Madina ka tsaya ka kalli gadarsu. Hawan nan mai lanƙwasa sai ka yi tafiyar da ta ninka faɗin titin sau da yawa kafin ka sauka a ɗaya ɓangaren. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da kaya a ka, ko yaron da ya makara yana tsoron bulala, ƙasa za su bi. Shi kuma direba, da ya ga gada, ya ɗauka an bar masa titin kacokan, sai ya ƙara taka mai. A hanyar Madina zuwa Adenta, wadda babbar hanya ce mai fita gari, ana iya cewa babu makawa. To a unguwannin cikin Accra, a titin Nima zuwa Maamobi fa, ko New Town, inda ƙofar makaranta take buɗewa kai tsaye a bakin kwata? Ina ma filin da za a kafa ƙafar gadar?

Doka ba ta yi shiru ba. Dokokin hanya na 2012, wato L.I. 2180, sun kayyade kilomita 30 a awa a kusa da makaranta, da asibiti, da kasuwa, da masallaci ko coci. Ba da ka aka zaɓi wannan lamba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa wanda mota ta buge a gudun 30, cikin goma tara suna rayuwa. Idan gudun ya kai 45, ko rabi ba sa tsira. Sai dai direba ba ya tuƙi da takardar doka. Yanayin titi yake dubawa: in ya ga faɗi, ya ga miƙe, zai gudu ko da an kafa allo goma.

Saboda haka titin da kansa za a gyara ya tilasta masa. A ɗaga wurin tsallakawa ya yi daidai da tsayin gefen hanya, yadda mota sai ta lallaɓa za ta hau. A matse faɗin titin a daidai ƙofar makaranta. A yi ɗan tsibiri a tsakiya, domin yaro ɗan shekara bakwai ba ya iya auna motoci biyu masu zuwa ta dama da hagu a lokaci guda. Bari ya gama da ɓangare ɗaya, ya tsaya, sannan ya fuskanci na biyu. A kuma rufe kwata a samu wurin taka ƙafa. Duk wannan bai kai kuɗin gada ɗaya ba.

Na san abin da direbobin trotro, wato ƙananan bas na haya, za su ce: ga gosulo ya ishe mu, za ku ƙaro mana tudu. Suna da hujja ta wani gefen, domin tudun da matasa ke tarawa da ƙasa da duwatsu washegarin haɗari yana lalata mota, da dare ma yakan kayar da mai babur. Amma wannan ai jinkirin hukuma ne ya haife shi. Cunkoson kuwa, kowa ya bi ta Nima ranar Laraba, ranar kasuwa, ya san ba tafiya a hankali ke kawo shi ba. Trotro ce ta tsaya a tsakiyar hanya yaron mota yana kiran fasinja, ga babbar mota tana sauke buhuna, ga masu talla sun sauko kwalta. A ware wa trotro wurin tsayawa ɗan nesa da ƙofar makaranta, za a ga layin yana tafiya.

Masu tallan ma a sa su cikin zanen tun farko. An sha korarsu, bayan mako biyu sun dawo, don a nan abincinsu yake. Kuma sau da yawa mai kokon nan ta bakin ƙofa ita ce ke riƙe hannun yara ta tsallakar da su.

Akwai abin da injiniyan Sashen Hanyoyin Birni ba zai sani ba sai mun faɗa masa. Shi makarantun boko zai ƙirga, masu allo a ƙofa da lokacin tashi sananne. Yaranmu kuwa suna da zirga-zirga ta biyu: makarantar Islamiyya da yamma, da safiyar Asabar da Lahadi, wasu a zaure, wasu a saman masallaci, babu alamar da direba zai gani. Suna tashi dab da magariba, lokacin da ido ba ya gani sosai, kowa kuma yana sauri ya isa gida.

Wannan lissafin namu ne. Malamai da limamai da sarakunan zango su zauna da wakilan unguwanni, a rubuta kowace makaranta, da yawan yaranta, da lokacin tashinta, da daidai wurin da suke tsallakawa. A kai wa majalisun Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, masu kula da Nima da Maamobi, a ba Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kwafi, tun kafin a zana aikin titi na gaba.