Aƙida ba taurin kai ba ce

Sau da yawa za ka ji ana cewa ɗan siyasa ba ya bukatar aƙida, dabara ta ishe shi kare 'yancin jama'a. Wannan kuskure ne. Dabara tana bin inda ƙuri'a take, shi kuwa 'yanci yakan bukaci mai tsaya masa tun babu riba.

Dubi jam'iyyar siyasa ta NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950. 'Ya'yanta Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba sun nemi a bai wa matan Arewa 'yancin zaɓe a lokacin da maganar ba ta kawo komai sai tsangwama, ita Gambo har gidan yari ta sha shiga. Da dabara kaɗai suke bi, da tuni sun yi shiru. Sai a 1979 matan Arewa suka jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa.