Wai me ya haɗa 'yar Nima da kifin shak?

Tun ranar Asabar nake ƙoƙarin haɗiye maganar nan, ta ƙi wucewa. Kowa ya ga bidiyon da ya zagaya wayoyinmu: wata yarinya 'yar unguwar Nima ta Accra mai karatun digiri na biyu a Jami'ar Gana da ke Legon, tsaye a bakin ruwa da mayafinta da igiyar awo a hannu, tana bayanin kifin shak da Hausa tsantsa. Minti huɗu ne kacal. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abin da mutanenmu suka yi ta rubutawa a ƙarƙashinsa. Wani ya ce iyayenta sun yi asarar kuɗin makaranta. Wata ta ce muna neman likita da lauya, ita ta tafi ƙirga kifi. Da daddare a majalisarmu wani dattijo da nake ganin girmansa ya dube ni ya ce, "Malam, kai da kake rubuce-rubuce, ka taɓa ganin Bahaushe a cikin kwalekwale?" Na ce, "Alhaji, a gafarce ni, ban gani ba, amma na ga kifi a cikin miyar gidanka." Aka yi dariya aka tashi. Ni dariyar ba ta ishe ni ba.

Malam Baƙo ya kafa unguwar Sabon Zango a Accra sama da shekara ɗari da suka wuce. Nima tana nan tun shekarun 1930. Kakanninmu a bakin teku suka tsufa, iyayenmu a bakin teku aka haife su, kwatar Nima ma in ta ɗebi ledojinmu, kogin Odaw take miƙa wa, Odaw ta miƙa wa tafkin Korle, Korle ya zuba a teku. Amma har yau muna magana kamar jiya muka sauke kayan fatake daga Salaga, muna jiran a gama cinikin goro mu koma. Teku na ƙabilar Ga ne da Fanti, in ji mu. To, shiton da ake zuba wa shinkafa da wake da safe, da me ake yin sa? Kusan kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki da ɗan Gana ke samu daga dabba, daga kifi yake fitowa, kuma ban ji an ware Zango daga wannan lissafi ba.

Ita yarinyar, aikinta na wahala ne. Kafin gari ya waye tana wuraren da kwalekwale ke sauke kaya, irin su Apam da Shama da Dixcove da Axim. Ta auna tsawon kifin, ta duba namiji ne ko tamace, ta yanki ɗan guntun fiffike ta jefa a kwalba don a gano ainihin nau'insa ta ƙwayar halitta, domin kifin da aka riga aka sare wa kai da fiffike, ido ba ya iya shaida shi. Wani lokaci ta roƙi a ba ta gaɓa ɗaya ta gadon bayansa, saboda akwai zobba a ciki irin na kututturen itace, da su ake ƙiyasta shekarunsa. Duk wannan a tsakiyar ƙarni da hayaniya da matan da suka biya kuɗinsu suna jiran ta matsa su ɗauki kayansu.

Abin da take son mu gane kuwa, mu ya kamata mu riga kowa ganewa, mu da kiwo da fawa suke gadonmu. Je ka kasuwar shanu ta Tulaku ka tambayi kowane dillalin shanu me zai faru da garken da ake yanka shanunsa masu ciki da 'yan maruƙa. Amane, wannan ƙaramin kifin da ake ƙyafewa, kamar fara yake: shekara guda ko makamancin haka ya balaga, ya zuba dubban ƙwai. Shak kuwa saniyar ruwa ce. Da yawa daga cikin nau'o'insa haihuwa suke yi, ba sa zuba ƙwai, sai sun shekara da shekaru kafin su fara, cikin ya daɗe, 'ya'yan kuma kaɗan. Akwai wani ƙaramin nau'i da cikinsa ke kaiwa kusan shekara biyu, ya fi na raƙuma daɗewa. Dabbar da haka take hayayyafa, in aka sa ta gaba da koma, ba ta mayar da gurbi a rayuwar mutum ɗaya.

An kuwa sa ta gaba. Ƙiyasin da masana suka fitar a 2013 ya ce ana kashe shak wajen miliyan 100 a duniya duk shekara. Wani binciken na 2021 ya nuna yawan shak da danginsa na tsakiyar teku ya ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970. Halittar da ta fi shekara miliyan 400 a cikin ruwa ke nan, nau'i sama da 500, jikinta babu ƙashi sai guringuntsi. Mutanen da shak ke kashewa a duniya baki ɗaya kuwa, a yawancin shekaru da ƙyar suke kaiwa goma. Okada ta fi shi ɓarna nesa ba kusa ba, amma finafinai sun riga sun gama da mu.

Ga inda abin ya shigo tukunyarmu. Amane ya yi ƙaranci, wannan ba sai na gaya wa kowace Hajiya mai cefane ba. Manyan jiragen ruwa da cinikin saiko (sayar wa masu kwalekwale kifin manyan jirage a tsakiyar teku ba bisa ƙa'ida ba) da kamun kifi da fitila sun yi masa illa, har ta kai an rufe teku ga masu kwalekwale na wata guda a 2019, Tarayyar Turai kuma ta sake ɗaga wa Gana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2021. Masunci da ya ci bashin man jirgi ya dawo da koma fayau, me zai yi? Sai ya ƙara nisa cikin teku ya nemi babban kifi. Fiffiken a busar, dillalai su tara, ya nufi kasuwannin Asiya irin Hong Kong inda ake miya da shi. Naman a yi masa gishiri a shanya, ya zama kako. Kakon nan da ake jefawa a miya don ƙanshi, sau da yawa shak ne ko ɗan'uwansa mai faɗi. Masu cewa ba ruwansu da shak, da yawansu sun ci shi jiya da rana. Wato yawan shak da ake gani a bakin ruwa ma alama ce ta cewa ƙaramin kifi ya ƙare, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Na ji masu cewa wannan duk dabarar Turawa ce, sun fi tausayin kifi a kan talaka. Mai wannan magana bai taɓa zama da masunci ya ji yadda yake kwatanta kamun mahaifinsa da nasa ba. Masu maganar likita da lauya kuma, ban san ranar da aka ce Zango guraben karatu biyu kawai aka ba ta ba.

Wanda ya fi ba ni haushi ma ɗan boko ne. Wani abokina mai digirori ya ce mini yarinyar tana ɓata lokacinta, bidiyo ba bincike ba ne, ta zauna ta rubuta maƙala a mujallar masana. Sannu da aiki, Dakta. Irin wannan tunani shi ya cika kantocin ɗakunan karatu da kundaye masu baƙin bango waɗanda gara kaɗai ke buɗewa. A je ƙauye a ɗebi bayani a bakin masunta da mata masu ƙyafe kifi, a rubuta da Turancin da ko mai digiri sai ya riƙe ƙamus, a sa hular kammalawa a ɗauki hoto, shi ke nan. Waɗanda aka ɗebi ilimin a wajensu ko labarin sakamakon ba za su ji ba. A 2022, taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, a Panama ya sa gomman nau'o'in shak cikin jerin waɗanda ba a fitar da su ƙetare sai da takardar izini, har da shuɗin shak da ake yawan saukewa a gaɓar tekunmu. Mutum nawa a kasuwa suka ji wannan da harshen da suke ciniki da shi? A kafa doka a Panama, mai shanya fiffike ya fara jin ta ranar da aka kama kayansa, sannan a ce talaka ba ya bin doka.

Ku tuna watan Afrilun 2021, lokacin da teku ya yi aman matattun kifaye a bakin ruwan Osu, gomman dabbobin dolfin kuma suka fito a Axim. Kafin a ankara mutane sun kwasa, wasu don ci, wasu don sayarwa. Ni da Turanci na fara jin gargaɗin hukuma, a bes ɗin samari masu ataya kuwa abin da na ji ana maimaitawa shi ne mushen teku halal ne. Haka malamai suka karantar da mu, kuma ba ni da ja. Sai dai halaccin nama bai hana a tambayi abin da ya kashe shi ba, kuma a ranar babu wani namu da zai tsaya ya faɗi haka da Hausa, yana da ilimin ruwa a kansa, jama'a kuma sun san gidansu. Yau Allah ya ba mu guda ɗaya, mun taru muna mata shaƙiyanci.

Kuma kada a raina wahalar faɗin waɗannan abubuwa da Hausa. Harshenmu a tudu ya girma. Muna da suna ga kowane launin doki da kowane irin gero, amma kifin teku mai kai kamar guduma sai dai mu ce mai kan guduma. Na lura yadda ta bayyana dalilin da amane ke yawaita daga Yuli zuwa Satumba: ta ce ruwan ƙasa mai sanyi ne ke tasowa sama da abinci, kamar yadda ake juya tukunyar koko abin da ya kwanta ya taso. Mahaifiyata da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane nan take, ta ce ashe shi ya sa kifi ke araha wajen Homowo, bikin ƙabilar Ga. Wanda yake ganin wannan ba aikin ilimi ba ne, ya gwada fassara shafi ɗaya na kundinsa ga kakarsa mu gani.

Abin yi ba shi da yawa. Gidajen rediyonmu da ke iya ba da awa uku ga musun ƙwallon Ingila su ba ta rabin awa. Makarantun Islamiyya su kwashi yara su kai su bakin ruwan Jamestown ko Chorkor, ga shi nan kusa, su ga inda abincinsu ke fitowa. Masu hannu da shuni da ke rige-rigen rabon kuɗi a wajen biki su tuna motar Axim kuɗi ake biya.

Shi kuwa Alhajin majalisarmu, shekaranjiya ya tare ni bayan Magariba, ya ja ni gefe ya rage murya. Wai Hajiya ce ta ce a tambayar mata, kakon da take saya a kasuwar Nima, yaya za a yi ta gane na wane kifi ne.