Arewacin Wales: A fara duba jadawalin jirgi kafin a tsara kallon fada

Duk wanda hutu ya kai shi Birtaniya kuma ya samu kwana uku ko huɗu ya bar Landan, arewacin Wales ya cancanci kuɗin motarsa. A can ne fadojin yaƙi huɗu da Sarki Edward na ɗaya na Ingila ya gina suke, wato Caernarfon da Conwy da Harlech da Beaumaris, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1986. A gefensu kuma ga tsofaffin jiragen ƙasa masu cin kwal, har yau suna aiki. Ra'ayinmu shi ne, mafi yawan baƙi suna tsara tafiyar a baibai. Sukan zaɓi fadojin da za su gani, sannan su ce jirgi zai kai su daga wannan zuwa waccan, kamar motar haya. Jirgin ne ya kamata a fara tsarawa.

Dalili a fili yake. Fada dutse ce, kusan kullum ƙofarta a buɗe. Layin jirgin kwal na Welsh Highland kuwa, daga Caernarfon zuwa Porthmadog, mil 25 ne, amma jirgin kan ci awa biyu da kwata, domin yana hawan tudu ne a kan siririn dogo mai faɗin milimita 597 kacal, yana ratsa Rhyd Ddu da Beddgelert da kwazazzabon Aberglaslyn. Zuwa da dawowa da ɗan hutun tsakiya sun cinye wuni. Galibi daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ake yin jigilar, kuma ba kowace rana ake yin doguwar tafiyar ba. Layin guda ɗaya ne, jirage ba sa wuce juna sai a wasu tashoshi, saboda haka in ɗaya ya makara, ɗayan ma sai ya jira. Wanda ya sa ran zai sauka ya ruga ya kama wani jirgin Landan cikin minti goma, ya ɗaura wa kansa wahala.

Ga tsarin da ke tafiya daidai. Caernarfon ba ta da tashar babban layi tun 1970, don haka a sauka a Bangor, tafiyar awa uku da ɗoriya daga tashar Euston ta Landan, a ƙarasa mil tara a bas. A sayi tikitin jirgin kwal ta intanet tun kafin a taso. A yi tafiyar gefe ɗaya, a dawo a bas, wadda ba ta kai awa ɗaya. Sai washegari a shiga fadar da safe, tana 'yan mintoci a ƙafa daga tashar jirgin kwal. Awa biyu sun isa, amma a sa takalmi mai kama ƙasa: matakalan hasumiyoyin a murɗe suke, matsattsu, kuma dutsen na santsi da zarar an yi ruwa, Wales kuwa ba ta rabo da ruwa. Mai ciwon gwiwa ya nemi lif ɗin da aka sa a Ƙofar Sarki a 2023. Harlech ta fi ba tsofaffi wuya, domin tashar na ƙasa, fadar na bisa tsauni. Mai niyyar ganin uku ko huɗu ya tambayi tikitin haɗaka na Cadw, hukumar da ke kula da su, kuma ya tuna ana daina shigar da mutane rabin awa kafin a rufe.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne tsadar tikitin jirgin. Da tsada kam, amma a duba abin da ake biya. Kan jirgi mai kwal ba a tayar da shi kamar mota. Fayaman kan hura wuta sa'o'i kafin tashi, a hankali, domin ƙarfen tukunyar in ya ɗau zafi farat ɗaya yana iya tsagewa. Kowace shekara ana duba tukunyar, duk shekara goma kuma sai an warware ta, an zare bututunta, an gwada ta da matsin ruwa kafin a sake ba ta izinin aiki. Kwal ɗin ma ya zama na nema tun da aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran a kudancin Wales a 2023. In kuma fari ya yi tsanani, tartsatsin wuta na iya kama ciyawar daji, sai a ɗaura kan jirgi mai dizal. Baƙo kan ji haushi ranar da hakan ta same shi, amma mai gonar da ke bakin dogon ya fi shi hujja.

Layin Ffestiniog, wanda ya tashi daga tasha ɗaya da Welsh Highland a Porthmadog, shi ne ya fi taɓa zuciya. An buɗe shi a 1836 don sauko da dutsen rufin ɗaki daga Blaenau Ffestiniog zuwa bakin teku, mil 13 da rabi. Taragon da aka loda su kan gangaro da nauyinsu, dawakai su ja marasa kaya su koma sama. Ya mutu a 1946. 'Yan sa-kai suka farfaɗo da shi, aka sake buɗe sashensa na farko a 1955, da madatsar ruwa ta nutsar da wani sashensa sai suka fasa sabuwar hanya da hannunsu, har da zagayen Dduallt inda dogon ke kewayawa ya haye bisa kansa, suka isa Blaenau a 1982.

Mutumin Zariya ko Jos ba zai ji wannan bai tuna ƙaramin layin Bauchi ba, wanda aka shimfiɗa don kuza, ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957, shekara biyu bayan mutanen Wales sun fara sake buɗe nasu. Namu ya ƙare a kayan kallo a gidan tarihi na Jos.

Su fadojin ma a kalle su da sanin abin da suke. Edward ya fara Caernarfon a 1283 bayan ya ci Wales da yaƙi, ya kewaye garin da ganuwa don Ingilawan da ya zaunar a ciki. Mutanen ƙasar sun ƙwace ta a 1294 ƙarƙashin Madog ap Llywelyn, tun ginin bai kammala ba. Har yau harshen Wales ake ji a titunan garin fiye da Turanci, kuma "diolch" shi ne "na gode", ana jin daɗi in baƙo ya faɗa wa mai duba tikiti.