Samari, ku ƙyale kurame su ci abincinsu

Jiya bayan la'asar, ina dawowa daga masallaci, na ga abin da ya tsaya mini a rai har yanzu. Akwai wani yaro kurma mai faci a bakin titinmu, tun safe yake fama da tayoyin 'yan adaidaita sahu. Sai ga samari huɗu daga majalisar gindin dalbejiya sun zagaye shi. Ɗaya ya tsinko ganye ya sa a baki yana taunawa a gabansa, ɗaya ya koma bayansa yana zagin iyayensa tunda ya san ba zai ji ba, na uku ya ɗaga waya yana ɗauka, na huɗu kuwa dariya har da riƙe ciki. Da yaron ya fusata ya rarumi ƙarfen cire taya, suka watse suna shewa. Wani mai shago da ke kallo tun farko bai ce uffan ba sai a lokacin: "Ai kurame akwai zuciya."

Zuciya? Ƙannena, wa za a yi wa haka ya yi murmushi? Kun san ma'anar ganyen nan sarai, cewa kuke yi shi akuya ne. Mutumin da ya fito neman halak ɗinsa, bai roƙi kowa ba, ku da ko kuɗin data sai kun tatsi iyayenku, shi kuka mayar dabba. Wanzami ba ya son jarfa. Da ɗayanku aka yi wa rabin wannan, da unguwa ba ta kwana lafiya ba.

Ni abin ya taɓa ni ne kai tsaye. 'Yar yayata da jinta aka haife ta, tana surutu kamar kanari. Sanƙarau na 1996, wanda ya kwantar da mutum sama da 100,000 a ƙasar nan ya kashe fiye da 11,000, shi ya ɗauke mata ji tana shekara biyar. Ta tashi daga jinya uwarta na kiranta ba ta waiwaya. Wasu ƙyanda ce ta yi musu haka, wasu ciwon kunne mai ruwa da aka yi sakaci da shi, wasu allurar da aka dirka musu a kemis ba bisa ƙa'ida ba. A cikinsu wa ya zaɓa? Kuma wa ya ba ku takardar cewa naku kunnen zai kai ku tsufa? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ku da kuke kwana da iyafis a kunne, ku je biki ku tsaya a bakin lasifikar DJ har asuba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan ƙarar. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa ake yi, ba a tsaya ɗaukar bidiyo ba.

Ko ba tsokanarku, kayan da suke ɗauke da shi ya ishe su. A asibiti a kira suna sau uku a wuce, yarinya na zaune a benci tun safe ba ta sani ba. A titi mai mota ya yi ta hon, ya leƙo ya ce "Kai kurma ne?", alhali kuwa kurman ne. Ranar Juma'a ya zauna a sahu huɗuba ta wuce shi gaba ɗaya. A gida ma a yi hira a ƙyalƙyale da dariya, ya tambaya da hannu me aka ce, a ce masa "ba komai". Duk wannan bai isa ba, sai kun ƙara masa da ganye a baki, ku ɗora a TikTok mutanen da ba su san shi ba su taya ku dariya.

Abin takaicin ma, ku kuke ganin ba su da magana. Suna da ita, maganar hannu, harshe ne cikakke da ake ciniki da shi, a yi faɗa, a yi zance, a ba da labari. Makarantar Tudun Maliki a Kano tun 1977 take koyar da su. A cikinsu akwai teloli, kafintoci, malaman makaranta, masu digiri. Kai da kake kwaikwayon "be-be-be" kana karkace baki, sannu ɗaya ba ka iya da hannu ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da can ba haka muka taso ba. A unguwarmu akwai wani kurma mai ɗinkin hula, dattawa da hannu suke hira da shi a dakali, mai nama da mai goro duk sun iya. Yaron da ya kuskura ya tsokane shi, duk babban da ya gani zai zane shi, ya je gida a ƙara masa. Yanzu ka tsawata wa ɗan wani, uwarsa ta yafo mayafi ta zo har ƙofar gidanka. Manya sun zama 'yan kallo, kamar mai shagon nan. An sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a 2019, amma wace doka ce za ta koya wa yaro kunya in gida bai koya masa ba? Mun haddace ayar Suratul Hujurat da ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, mun rera ta a Islamiyya, ga shi mun bar ta a allo.

Ku ji tsoron Allah, ku gyara. Wanda ya ɗauki bidiyon nan na san shi, na san mahaifinsa, kuma ina jira in ga ya goge. Yau da safe na bi ta wajen mai facin da niyyar in ba shi haƙuri, na tarar bai fito ba. Injin iskarsa na nan lulluɓe da buhu, wani ɗan adaidaita ya tsaya da tayarsa a sace yana tambayar ina kurma.