Duwatsun Calanais da ganuwar da muka bari

Daga garin Ullapool a arewacin Sikotilan, jirgin ruwa yakan kwashe kusan sa'o'i biyu da rabi kafin ya isa Stornoway a tsibirin Lewis, sannan a ratsa tsibirin zuwa gaɓar yamma, inda duwatsun Calanais suke tsaye a kan tudu suna kallon wani reshe na Tekun Atlantika. Mun ajiye mota da nisa muka taka ta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa mai nutsar da ƙafa, babu bishiyar da za a fake a ƙarƙashinta, sai tumaki masu kaurin gashi da iska mai ratsa ƙashi.

Duwatsu 13 ne suka yi da'ira, da wani dogo a tsakiya wanda ya kusa mita 5, kuma layuka sun miƙe daga da'irar zuwa kusurwoyi huɗu. Sirara ne kamar allon makaranta, da jijiyoyin fari da toka a jikinsu, kuma an kafa su kimanin shekaru 5,000 da suka shige. Muna tsaye ɗana ya ce, "Baba, a Kano akwai abin tarihi irin wannan?" Na yi caraf na lissafa masa Dala da ganuwa. Sai ya ce, "To, haka ake kula da su?" Wannan tambaya ce ta hana ni sakat.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mutanen Lewis ba sakakku ba ne a addininsu. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, kuma sai a 2009 jirgin ruwan nan ya fara zirga-zirgar Lahadi, bayan doguwar taƙaddama. Kakanninsu ma cewa suke yi duwatsun ƙarti ne da suka ƙi karɓar Kiristanci aka mayar da su dutse. Duk da haka, ba su kai ga tumɓuke su da sunan kawar da tsafi ba. Mu kuwa da zarar an ambaci Barbushe da Tsumburbura sai a tsuke fuska, kamar sanin abin da ya gabata daidai yake da komawa gare shi.

Ina da uzurorin da zan kawo mana, kuma ba na jin kunyarsu. Nasu dutse ne, namu jar ƙasa ce da kowace damina take ci. Mutanen tsibirin gaba ɗaya ba su kai na unguwa guda mai cika a Kano ba, saboda haka ba wanda yake neman fegi a gindin duwatsun. Su ma sun yi sakaci, domin baƙar laka ta binne gindinsu kusan mita ɗaya da rabi, sai a 1857 aka kwashe ta bisa umarnin mai tsibirin, James Matheson, mutumin da ya tara dukiyarsa da cinikin ofiyom, wani abu mai sa maye, a ƙasar Sin, ya kuma tura talakawan wurin da yawa Kanada. Kada wani ya zo yana yi mana gorin wayewa.

Amma ba damina ce ta rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi ba, ba kuma ita take yankar ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa a ƙarni na 12 tana dasa shaguna ba. Kufena da Turunku da kufan Surame na Kanta suna nan, amma mutum nawa ne cikinmu ya taɓa ɗaura takalmi ya taka zuwa can don ya gani da idonsa?

A hanyoyin Lewis, harshensu na Gelik ne a sama a allunan titi, Turanci a ƙasa, alhali masu jin harshen raguwa suke yi. 'Ya'yana a nan ƙasar waje Hausarsu sai an lallaɓa, wannan na san dalilinsa. Wanda na kasa fahimta shi ne ɗan ƙanena da aka haifa a Gwammaja, yana hango Dala daga ƙofar gidansu kullum, amma da na tambaye shi ta waya ko ya taɓa zuwa Dalar, sai ya ce mini, "Kawu, me zan je yi a can?"