Sikila a gidanmu take, kuɗin bincikenta na wasu ne

A watan Nuwamba na 2020, lokacin da duniya ta zuba wa Trump da Biden ido, mutanen jihar Kalifoniya, inda nake zaune, suna da wata tambaya daban a jikin takardar ƙuri'arsu. An tambaye su ko sun yarda jiha ta ci bashin dala biliyan 5.5 ta zuba a binciken ƙwayoyin tushe. Suka yarda, ko da yake da ƙyar, kashi 51 cikin ɗari. Tun a 2004 sun taɓa amincewa da dala biliyan 3, da ita aka kafa hukumar CIRM mai raba kuɗin ga jami'o'i da asibitoci. Abin da ya jawo shi ne a 2001 Shugaba Bush ya taƙaita kuɗin gwamnatin tarayya ga binciken da ke amfani da ƙwayoyin ɗan tayi, sai jihar ta ce za ta yi da aljihunta.

Ƙwayoyin tushe su ne ƙwayoyin jikin da ba su gama zama komai ba tukuna, daga cikinsu sauran ke fitowa. Waɗanda suka fi shafar mu suna cikin ɓargo, su ne ke haifar da jinin mutum tun daga haihuwa har mutuwa. Idan suna ɗauke da gadon SS, jinin da za su haifar mai lauje ne. Idan aka musanya su ko aka gyara su, jinin ya gyaru.

'Yar yayata tana da sikila. Duk hunturu idan waya ta yi ƙara da tsakar dare, gabana faɗuwa yake, don na san ciwon ƙashi ne ya tashi, ana neman gado a asibiti, ana neman wanda zai ba da jini. Wata rana yayata ta ce da ni, "Kai da kake can, ba ka ji an samo magani ba?" Na daɗe ban amsa ba. An samo. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy: a ɗebi ƙwayoyin tushen jinin mai ciwon da kansa, a gyara su da CRISPR, fasahar gyaran ƙwayar gado, yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke yi a cikin mahaifiyarsa, a share tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa. Wannan jinin jarirai shi ya sa yaro mai sikila ke yin watanninsa na farko lafiya lau, sai ya doshi wata shida ciwon ke bayyana. Farashin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Ban iya faɗa mata adadin ba a ranar.

Ba zan yi wa Kalifoniya kirarin da bai dace ba. Masu tallar ƙuri'ar 2004 sun sa mutane tsammanin guragu za su miƙe cikin 'yan shekaru, kuma hakan bai faru ba. Shi kansa Casgevy wasu kamfanoni ne suka fito da shi, ba CIRM ba. Amma shekara ashirin na kuɗin da ba ya yankewa sun gina ɗakunan bincike, sun horar da matasa, kuma yau a jami'o'in jihar ana gwajin maganin sikila ta hanyar gyaran ƙwayar gado da tallafin hukumar. Mai bincike a nan ya san idan ya fara aiki bana, akwai kuɗin da zai kai shi baɗi da baɗin baɗaɗa. A ganina wannan tabbacin ya fi yawan kuɗin muhimmanci.

Japan ma haka. Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya nuna a 2006 da ƙwayoyin ɓera, a 2007 da na mutum, cewa ana iya ɗaukar ƙwayar fata a mayar da ita ƙwayar tushe ba tare da an taɓa ɗan tayi ba, abin da ya sauƙaƙa wa masu damuwa ta fuskar addini, irina. Ya samu kyautar Nobel a 2012, gwamnati kuma ta yi alƙawarin yen biliyan 110 na shekara goma. A 2014 a birnin Kobe aka dasa wa wata dattijuwa irin waɗannan ƙwayoyi a ido. Ku lura da cututtukan da suka fi sa wa gaba: lalacewar gani, ciwon karkarwa na Parkinson, ciwon zuciya. Ƙasar tsofaffi ce, ta zuba kuɗinta a ciwon tsufa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To mu ina namu ɗakin yake yoyo? Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Da wuya ka samu zuri'a a Kano ko Katsina ko Maraɗi da ba ta binne yaro saboda ita ba, ko da a lokacin an kira abin da wani suna.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba mutane muka rasa ba. Tun 2011 Farfesa Nosakhare Bazuaye da abokan aikinsa suka yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. A 2024 asibitin koyarwa na Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya, ya fara nasa. A Kano, likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, cikinsu har da Najibah Galadanci, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi binciken da duniya ke kafa hujja da shi: a auna gudun jini a cikin kan yaro da na'ura, wanda aka ga yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki a ba shi hydroxyurea, ƙwaya mai araha wadda ita ma jinin jarirai take ƙarawa. Yaran Kano ne, likitocin Kano ne. Kuɗin kuwa yawanci daga hukumar binciken lafiya ta Amurka ya fito, wato harajin maƙwabtana na nan. Ina gode musu. Amma kayan aro ba ya rufe katara, kuma a 2025 kowa ya ga yadda aka rufe hukumar agajin Amurka ta USAID cikin 'yan watanni, ayyuka suka tsaya cak a ƙasashe da dama.

Mun ma taɓa yin namu. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan daga tsirrai, har da masoro da kanumfari da ganyen dawa, aka gwada shi aka ga yana rage tashin ciwo. Aka miƙa shi ga wani kamfani, kamfanin ya durƙushe wajen 2008, maganin ya ɓace daga kanti tsawon shekaru. Ilimi ya samu, wanda zai riƙe shi ne babu.

Inda gwamnati ta bar wuri, wasu ne ke cika shi. Ku duba Facebook da WhatsApp ku ga masu tallar garin "sitem sel" a 'yan leda, wai yana maganin sikila da ciwon suga da ƙoda da rashin haihuwa gaba ɗaya. Garin tsirrai da aka sha da ruwa ba ya zama ɓargon mutum. Yayata ta taɓa sayen irinsa da kuɗin adashenta, ban kuma zarge ta ba, domin uwar da ta kwana tana jin kukan 'yarta za ta gwada duk abin da aka miƙo mata. Masu hali kuma suna sayar da gida da gona su nufi Indiya a yi wa yaransu dashe.

Na san za a ce mini ƙasar da asibitocinta ke fama da wuta ina ita ina binciken ƙwayoyin tushe. Akwai gaskiya a ciki. A Abuja ƙasashen Afirka suka yi alƙawarin 2001 na ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, mu da muka karɓi baƙuncin taron mun daɗe muna yawo wajen kashi 5. Kuma na yarda gwajin jini kafin aure, wanda Kano ta mayar doka a 2024, da gwajin jarirai, da hydroxyurea su ne farko. Sai dai yaran da aka riga aka haifa fa? Dashen ɓargo daga shaƙiƙi yana warkar da mafi yawan yaran da aka yi wa, kuma kowane shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa. Mu masu haihuwa da yawa ne. A gidajenmu da dama mai ba da ɓargon yana nan tsakar gida yana wasa, ba wanda ya taɓa gwada shi.

Ban ce Najeriya ta ci bashin biliyoyin daloli ba. Abin da nake so in gani shi ne asusu na sikila da doka ta kafa, wanda sabon gwamna ko sabon minista ba zai iya taɓawa ba har shekara goma, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da jihohin Arewa su riƙa zuba masa wani kaso sananne. Da shi a kafa cibiyar dashe ɗaya mai inganci a Kano ko Zariya, da ɗakin gwajin dacewar ɓargo, da ma'ajiyar jini mai tsafta, a biya nas-nas da masu gwaji albashin da zai hana su ficewa. Duk ranar da farashin gyaran ƙwayar gado ya sauko, sai wurin da ya iya dashe ne zai iya karɓarsa, domin matakan kusan ɗaya ne.

'Yar yayata tana da ƙanne uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce wa yayata idan na zo gida da sallah za mu nemi inda za a gwada su duka ukun, ko da Legas ne.